Teburin da Ba Shi da Baya

Yaran yanzu in sun zo koyon aiki wurina, tambayarsu ta farko ita ce ina inji. Sun ga ana danna wani abu ƙusa ta shige, a danna wani katako ya rabe biyu, sai suka ɗauka kafintanci ke nan: in akwai wuta kai gwani ne, in an ɗauke ka miƙe a benci kana latsa waya. To ku matso in ba ku labarin wani tebur. Wanda kuma ya sake ɗora mini ƙafa a kan falankin nan, shi zai goge shi.

Ni a hannun Mamman Na-Dingyaɗi na koyi aiki, Allah ya jiƙansa, a wata rumfa bakin kasuwar Boɗinga. Na daɗe ƙwarai kafin ya yarda in riƙe zarto. Aikina wasa kurfi a dutse, dafa gam a gwangwani, da share diddigar katako. Filen ɗinsa na goge katako kuwa ko kallonsa ka cika yi sai ya tambaye ka ko kana binsa bashin ido. Abu na farko da ya koya mini da baki shi ne kowane aiki yana da fuska yana da baya. Kabad ne, gado ne, kanta ce, gefen da zai jingina da bango ba a ɓata masa katako mai kyau, ba a goge shi, ba a shafa masa komai. Wannan ba ha'inci ba ne, mai kaya ma ya san da haka. Mamman yakan ce, “Wa ka ganin bayan kabad? Ɓera da kyankyaso. Su ko ba su taɓa kawo ƙara ba.”

Bayan na buɗe rumfata, wata rana da bazara, irin zafin nan da kaza ke buɗe baki, sai ga mutum dogo cikin baƙar riga har ƙasa, maɓallai tun daga wuya har ƙwauri. Limamin 'yan Katolika ne, su Fada suke cewa. Suna da wata 'yar majami'a a gefen hanya tsakanin Boɗinga da Shagari, inda malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu sayar da kayan gyaran mota ke taruwa ranar Lahadi. Sunansa Fada Matiyu, amma kowa Baƙar Riga yake ce masa, shi ma yana amsawa. Ɗan kudu ne, sai dai Hausarsa a bakin tsofaffin Shagari ya tsince ta, in yana magana a bayan katanga sai ka rantse wani dattijon ƙauyen Mandera ne.

Ya ce, “Malam Ummaru, tebur nika so.”

Na ce, “Na cin tuwo ko na rubutu?”

Ya ce, “Na ibada. Ka taho ka auna.”

Na ɗauki tef da sukwayar auna kusurwa na bi shi. Muna shiga ya wuce kai tsaye ya dafa bangon gabas, ya ce nan za a manne shi, kada a bar ko tsagar da ƙadangare zai shiga. Na tambaye shi to shi ina zai tsaya. Ya tsaya ya nuna mini: fuskarsa ga bango, bayansa ga jama'a. Na leƙa ta taga na hango masallacin da ke tsallaken titi, na ga kusan inda muke dubawa nan yake dubawa. Na ce masa ashe dai liman liman ne. Ya yi dariya har maɓallan rigarsa na rawa, tun daga ranar muka saba.

Maɗaci na sa masa, busasshe, wanda na sayo a Sakkwato na bar shi ya sha iska a rumfa. Ban buga ƙusa ko ɗaya a jikinsa ba. Ka fafe rami a wannan da kurfi, ka fiƙe harshe a wancan, su shiga juna da ɗan gam, ka ɗaure ka bar su su kwana. Wannan shi ne aikin da ku ba ku da haƙurinsa. Fada ya ce in sassaƙa zangarniyar alkama a fuskar teburin. Na yi iya yina, da na gama kowa ya zo ya ce kai, geron nan ya yi kyau. Fada ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a bar shi, ai mutanen nan gero suke ci. Baya kuwa, tunda bango zai sha, na tsinto falankan akwatin sabulu na rufe shi da su, ko filen ban nuna musu ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Bencin majami'ar ni na yi, ƙofofi ni, tagogi ni, mutanensa kuma in za su aurar da 'ya, ni ke yin gado. Shi kansa Fada ya zama ɗan majalisar rumfata. In ya shigo kasuwa sai ya zauna ya sha shayi, su yi ta musu da abokina Ladan Buba, wanda ke kiran salla a masallacin unguwarmu. A nan muka ji cewa da wani tsohon harshe yake ibada, Latin, wanda jama'arsa ba su ji. Ladan ya ce wannan ba abin mamaki ba ne, shi ma rabin mamun da ke bayan liman ba su san abin da ake karantawa ba, amma amin ɗinsu ta fi ta kowa ƙarfi.

Rigimar a bisa babur ta iso. Wani matashin Fada ne, Luka sunansa, ya tsaya bakin rumfata da farar riga, a bayansa ya goyo Istifanus, tsohon da ke taimaka wa Baƙar Riga wajen koyar da yara addu'o'i. Fada Luka ya gaishe ni da ladabi ya yi mini bayani. Ya ce manyansu sun daɗe da sauya tsari. Ko'ina yanzu Fada yana tsayawa a bayan tebur ne, ya fuskanci jama'a, ya yi ibada da harshen da suke ji. An yi ta kau da kai ga tsoho Baƙar Riga saboda wurin ƙauye ne, to yanzu umarni ya zo cewa ya isa haka, a janye tebur daga bango. In tsohon ya ƙi, za a dakatar da shi, ba zai sake jan jama'a ibada ba, ba zai sake tsayawa gaban teburin nan ba. Istifanus yana ta kallon ƙasa.

Kafin la'asar magana ta cika kasuwa. Abin dariyar shi ne, mu da ba addininmu ba mu muka fi zaƙewa. Majalisata ta rabe biyu. Masu albasa suka ce wanda ke ƙarƙashin shugaba bin umarni ne nasa. Ladan kuwa ya ɗaure wa tsoho gindi ƙam. Da Fada Luka ya sake biyowa, Ladan ya tare shi.

“Yallaɓai, in tambaye ka. Wane liman ka juya wa gabas baya shi tsaya kallon mamu? Mi za shi gani ga huskokinsu, in ba masu gyangyaɗi ba?”

Fada Luka ya yi murmushi ya ce, “Malam, in malami ya zauna ba da karatu a zaure, ƙeya yake ba ɗalibansa?”

Ladan ya ce, “Karatu daban, salla daban.”

“Mai gida fa, in ya sa wa baƙi abinci, bango yake kallo?”

Ladan ya juyo gare ni ya ce, “Ummaru, yaron ga lauya na, ba liman ba.” Aka kwashe da dariya, har da shi Fada Lukan.

Washegari da hantsi Baƙar Riga ya zo shi kaɗai. Na zuba masa shayi ya riƙe bai kurɓa ba. Ya ce za a kira ni gaban dattawan majami'a a tambaye ni ko teburin zai janyu.

“Ka hwaɗa musu ba ya janyuwa. Kai ka yi shi, ka san ba shi da baya.”

Na ce, “Baya kam babu, Fada. Amma ana yi mishi.”

“To ka ce in anka taɓa shi wargajewa za shi yi.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, nan ɗai ne ba mu shiryawa. In ce aikin da na haɗa da hannuna za shi wargaje don an ja shi taki kaɗan? Gobe wa ka kawo mini gado? Mamman Na-Dingyaɗi sai shi tashi cikin kabari shi mare ni.”

Kada ku ɗauka tsoron ƙarya ne kaɗai ya hana ni. Akwai shi, amma girman kan kafinta ya fi yawa a ciki. Ya ajiye kofin a kan benci cike, ya ce ya ɗauka ni abokinsa ne, ya tafi. Abin ya dame ni ƙwarai, don ban taɓa ganin ya bar shayi ba.

Da dattawan suka tambaye ni, na ce musu zai janyu. Ranar janye tebur, dabarar da na yi ku riƙe ta. Abu mai nauyi ba a ɗaga shi da ƙarfin ƙirji. Na sa ƙarfe na ɗan ɗaga gefe ɗaya, na cusa guntayen bututun famfo a ƙasa, muka gangara da shi a hankali. Ko ƙara bai yi ba. Sai dai da bayansa ya fito fili, na so ƙasa ta tsage in shige. Falankai sun yi baƙi, gara ta ja hanyoyinta a jiki, ɓera ya yi gida har da iyali, ga sunan sabulu ɓaro-ɓaro a tsakiya. Mata suka toshe baki. Baƙar Riga yana tsaye a bakin ƙofa, ya nuna da sandarsa ya ce, “To ga abin da kuka so Fada shi tsaya shina kallo.” Ya juya ya fita, ya ce muddin teburin nan yana tsakiyar ɗaki, ƙafarsa ba za ta sake taka cikin majami'ar ba.

Ba a daɗe ba aka dakatar da shi. Wasu daga cikin jama'a, yawanci tsofaffi, suka bi bayansa, Istifanus a gaba. Suka samu wani rumbun albasa da babu kowa a ciki wajen Mandera, suka ce ya zo ya ja su ibada a can, su kafa tasu. Ya ƙi. Ya ce shi ba ya juyawa, ba ya kuma ɓallewa, an hana shi ya hanu. Ya koma ɗan ɗakinsa a bayan majami'a yana ibadarsa shi kaɗai, fuska ga bango. Su kuwa suka ci gaba da taruwa a rumbun suna karanta tsofaffin addu'o'i. Ladan ya ce ya bi ta wurin ya ji ana sheshsheƙa, bai gane ba ko tsoron Allah ne ko warin albasa.

Wannan ita ce muguwar shekarata. 'Yan rumbu suka ce ni na sayar da Fadansu, suka kwashe aikinsu suka kai Sakkwato. Kamar an haɗa baki, albasa ta ruɓe a ajiya a shekarar, manoma suka ɗaga bukukuwa, ba mai neman gado balle kabad. Na koma gyaran amalanke da kujerar tsakar gida. Wata ranar in zauna tun safe har azahar, abin da zai shigo rumfar sai akuya.

Cikin wannan zaman banza Fada Luka ya zo ya ce in samu filawud in rufe bayan teburin, don shi ke tsayawa a wurin, kuma ya gaji da karanta sunan sabulu. Na ce filawud ba zai hau aikina ba. Ina da ragowar maɗacin nan na asali, na soke shi a saman rumfa tun wancan lokaci. Na sauko da shi. Tunda ba wani aikin gare ni ba, na zauna na yi masa abin da ban taɓa yi wa wani katako ba. Wahalar ita ce launi. Tsohon katakon ya yi duhu da shekaru, sabon yankan kuwa ja ne, in ka haɗa su haka kowa zai ga faci. Sai na riƙa shafa masa man gyaɗa ina shanyawa a rana, in goge da sanfefa mai laushi, in sake shafawa, har suka zama uwa ɗaya uba ɗaya. Na bar gurbi a ƙasa inda yatsun ƙafar mai tsayuwa za su shiga, na yi 'yar kanta ta ajiye littafi. Na kuma sake gwada alkamar, wannan karon ta fito alkama.

An ɗauki lokaci ban sa Baƙar Riga a ido ba, sai labarin ba shi da lafiya. Ran nan ina wasa kurfi sai na ji sanda a bakin rumfa. Ya rame har rigar ta yi masa yawa. Bai gaishe ni ba, ya ce, “Tashi ka kai ni in ga ɓarnar da ka yi.”

Na tare mana Keke muka tafi. Na ɗauka zai shiga, ashe yana nan kan bakarsa. Ya zagaya ta waje ya tsaya jikin 'yar tagar da ke kusa da bangon gabas, ya kare ido da hannu yana leƙe. Ya daɗe. Ni kuwa na tsaya gefe ina jiran hukunci, kamar ranar da Mamman ya fara duba aikina.

Can ya ce, “Ummaru, ka cuce ni.”

Na ce, “Da mi, Fada?”

“Aibi na zaka nema. Bayan ya hi gaban kyau. Ni ka ba ni gero, yaro ka ba shi alkama.”

Na ce ai ƙofa a buɗe take, ya shiga ya shafa da hannunsa. Ya girgiza kai. A hanyar komawa ya ce yana da wani aiki, akwatin gawarsa yake so in yi. Na ce Fada, mu makara muka sani, ban taɓa yin wannan ba. Ya ce akwati akwati ne, in auna shi tun yana tsaye. Na fito da tef na auna shi nan bakin titi, masu wucewa na kallonmu. Sannan ya riƙe mini hannu.

“Amma ka ji sharaɗi. Kak ka yi mini aikin kabad. Ka goge shi ta ko'ina, kai da ƙahwa, dama da hagu. Mutanen ga ban san inda za su juya ni ba.”

Muka yi dariya, ya biyo ni rumfa ya sha shayi har kofi biyu. Na yi akwatin yadda ya ce, har ƙasansa sai da na bi da filen.

Da damina ya rasu. Istifanus ya zo da kansa ya gaya mini, idonsa jawur, karo na farko da ya tako rumfata tun rigimar. Abin da ke cin 'yan rumbu shi ne kada a ce tunda ya mutu a dakace, ba za a shigar da shi majami'a ba. Fada Luka ya ce musu aiki aka hana shi, ba a kore shi daga gida ba, manya ma sun ce a yi masa jana'iza irin ta Fada. Ni aka ce in zo in ɗaure murfi in an gama. Ladan ya ce zai raka ni, wai don ya riƙe mini jakar kaya.

Muka tsaya daga bakin ƙofa. Majami'a ta cika, 'yan rumbu da waɗanda suka zauna duk a benci ɗaya, bencina kuwa ko motsi. Aka shigo da shi a kafaɗa, ƙafafu a gaba, aka nufi teburin, wato fuskarsa gabas yadda ya so duk rayuwarsa. Na ce a raina to madalla, ya shiga kuma bai juya ba. Ana shirin sauke shi sai Istifanus ya ɗaga hannu.

“Ku dakata. A juya shi.”

Masu ɗauka suka dakata. Da ya matso kusa da ƙofa yana nuna wa masu ɗauka yadda za su yi, na jawo hannun rigarsa na ce a hankali, “Istifanus, har da kai? Mutum ya ƙi juyawa da rai, sai ya mutu ku juya shi?”

Ya ce, “Malam Ummaru, ba sabuwar doka ba ce, tsohuwar ce. Kowa in ya mutu tebur yake fuskanta. Fada kuwa kansa ake sawa wajen tebur, ya fuskanci jama'arsa. Shi ya koya mini da bakinsa.”

Wato ya sani sarai ranar da yake ce mini bai san inda za su juya shi ba. Raina ya sosu, dariya kuma tana neman ƙwace mini, na rasa wadda zan yi. Ladan ya sunkuyo ya raɗa mini, “To, ya dai juya.” Na ce, “Bai juya ba, juya shi anka yi.”

Masu ɗauka suka juya akwatin sannu a hankali a tsakiyar majami'a. Kai ya wuce ta gaban jama'a, dama ta wuce, ƙafa ta wuce, hagu ta wuce, ido ya bi kowane gefe, babu inda aka ga sawun zarto. Suka sauke shi kansa dab da geron da na sassaƙa masa, Fada Luka ya zagaya bayan tebur ya tsaya, su biyun duka suna fuskantar mutane.

Kai mai waya, ajiye ta. Ɗauki sanfefa, ka janye kabad ɗin can daga bango ka fara ta baya.